Muryata Ta Ba da Haƙuri, Ni Ban Bayar Ba

Tun ina ƙarama ake ce mini Rediyo, saboda bakina ba ya hutawa. Yaya ne ya laƙa mini sunan, gida ya ɗauka, tashar mota ma ta ɗauka. Babanmu mai faci ne, rumfarsa na jingine da katangar tashar. Yaya kuma direba ne, bas yake ja, a nan tashar yake lodi. Ni kaɗai ce a gidanmu na yi karatu har jami'a, kuma ban taɓa sassauta murya ba idan zan faɗi haka.

Da na gama, aikin da na samu na murya ne. Wani ƙaramin kamfani yana haɗa manhajar da mutum zai rubuta magana, waya ta karanta masa da muryar mace. Tawa suka zaɓa. Kullum sai in shiga wani ɗan ɗaki marar taga, an manne bangonsa da baƙin soso, fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga naɗi. Makirufo a gabana, Injiniya a bayan gilashi yana ɗaga mini yatsa. In karanta jimla, in sake, in sake, har zufa ta jiƙe mini baya.

Injiniya yana da tsarinsa. Kowace rana da yanayin da za a naɗa: ranar fara'a, ranar faɗa, ranar lallashi. Da aka zo ranar kuka sai aiki ya tsaya.

"Ni ba na kuka," na ce masa.

"Ba cewa na yi ki yi baƙin ciki ba, Malama. Sauti nake so."

Ya laluba aljihu ya miƙo mini ɗan gwangwanin man zafi. Na shafa a ƙasan ido. Nan da nan hawaye ya ɓalle, hanci ya toshe, murya ta kama rawa. Ya ɗaga babban yatsa yana murna. Yini guda na yi ina shessheƙa a kan jimlolin da ba su shafe ni ba, idan aka tsaya hutu mu yi ta dariya.

Da manhajar ta fito, Baba ya fi kowa ɗoki. Karatu ba ya yi masa sauƙi, don haka duk saƙon da ya shigo wayarsa ita ke karanta masa. Duk direban da ya kawo taya sai ya ce, "Rubuta mata wani abu ka ji. 'Yata ce a ciki." Su kuma suka mayar da abin wasa. Su rubuta cewa Ciyaman, shugaban direbobi, ya fi kowa tumbi a tasha, muryata ta faɗa a natse kamar mai karanta labarai, su faɗi ƙasa don dariya. Babu wanda bai san yadda abin yake aiki ba. Ina so a riƙe wannan.

Sai Dogo ya rasu. Direba ne mai son mutane, abokin Yaya. Tayar gaba ta fashe masa a kan gada, ya tafi da fasinjojinsa. Ba a gama karɓar gaisuwa ba wani saƙon murya ya fara yawo daga waya zuwa waya, an haɗa shi da hotona na ranar kammala karatu, da hula da riga. Muryata ce take cewa Dogo ɗan ƙwaya ne, shi ya kashe mutane, direbobin tashar nan duk jahilai ne masu kisa da sitiyari, Allah ya ƙara. A ƙarshe ta yi dariya. Dariyar ranar fara'a ce, na gane ta. Har yau ban san wanda ya rubuta ba.

Ni ban ma ji saƙon ba sai da suka zo kaina. Da rana tsaka na kai wa Baba abinci. Yana tsugune yana tsoma tib ɗin taya a cikin bahon ruwa yana neman inda iska ke fita, na ajiye kwano a kan benci. Sai na ji tashar ta yi wani irin shiru, irin wanda ake ji idan an kashe inji. Na juya. Suna tahowa ta ƙofar fita, direbobi da 'yan kamasho, wayoyi a sama. A gabansu wani ɗan kamasho da ake kira Mai Sarƙa, wanda ya sha cin abinci a kwanon Baba.

"Ga ta nan, 'yar boko. Maimaita abin da kika ce."

"Me na ce?"

Ya kunna. Na saurara har ƙarshe, na yi tsaki, na ciro wayata.

"Kai ma ka san ba ni ba ce. Tsaya in rubuta Mai Sarƙa jaki ne, ka ji za ta faɗa."

Ban kai ga buɗe manhajar ba ya kai wa hannuna duka da ƙarfen cire taya. Wayar ta yi tsalle ta faɗa bahon ruwa. Wani ya fizge mini ɗankwali ta baya, wani ya shure ni a gwiwa, na zube a kan tsofaffin tayoyi. Daga nan duka ya zama ruwan sama. Bel, takalmi, igiyar ɗaure kaya. Na naɗe kaina da hannu, ina jin warin roba da baƙin mai a hancina, ina jin muryata tana ta dariya daga wayoyinsu, domin ba su kashe ba.

Baba ya faɗo a kaina ya rufe ni da jikinsa.

"Ku ji tsoron Allah, 'ya'yana. Ku ne fa kuke wasa da manhajar a nan."

Suka ɗaga shi kamar buhu. Ya sa hannu ya tare ƙarfen da aka nufo ni da shi, na ji ƙashin ya ce ƙas. Mai Sarƙa ya kama gashina ya ɗago fuskata, ya buga ta a bakin injin iska. Wani abu mai tauri ya faɗo a kan harshena. Na tofar, haƙorina ne na gaba, ya gangara cikin ƙasa da jini.

"Yi kuka mana," in ji shi, ya kanga mini waya a fuska. "Yi kuka mu ɗauka."

Na dube shi da idon da bai kumbura ba. Ban yi ba. Na tara jinin da ke bakina na tofa a gilashin wayarsa.

Da suka gaji, suka watsa fetur a kan tayoyin suka kunna. Rumfar da Baba ya gina tun kafin a haife ni ta kama, baƙin hayaƙi ya tashi har ana gani daga ƙofar gidanmu. Yaya yana hanya ranar, ya dawo ya tarar da toka.

Na yi kwanaki a kan katifar Umma, fuskata kamar ba tawa ba. Tana gasa mini jiki da ruwan zafi, idan ta matsa haƙarƙarina in cije leɓe. Baba yana zaune a tsakar gida da hannu a ɗaure. Wata rana na ji Umma a kicin ta sa saƙon a hankali, ta kashe, ta sake sawa. Da ta shigo na ce, "Umma, me kike nema a ciki?"

Ta zauna a bakin katifa tana murza zaninta.

"Na san ba ke ba ce. Amma wallahi har yadda kike jan numfashi kafin ki yi rashin kunya. Ni na haife ki, ni ma sai da na tsaya."

A lokacin ne na lura da yadda maganata take fita. Duk inda "s" ta zo sai iska ta bi ta gurbin haƙorin ta yi fito. Harshena ya yi nauyi. Wadda ke cikin waya ta fi ni kama da ni. A jami'a wani malaminmu ya sha faɗa mana cewa lokaci na zuwa da kwafi zai ture asali ya zauna a kujerarsa. Na rubuta masa haka a jarrabawa, na ci da maki mai kyau, ban yarda da ko kalma ɗaya ba.

Sai Ciyaman ya zo. Ya cire takalmi a ƙofa, ya gaida Baba da ladabi, ya jajanta hannun kamar mota ce ta buge shi. Aka kira ni na fito ina dafa bango.

"'Yata, abin ya wuce gona da iri, ban ji daɗi ba. Amma jama'a sun fusata. Abin da muke so kaɗan ne. Ki yi magana a waya, ki ce kin yi kuskure, a yafe miki. Mu saka a zauren direbobi na waya. Yayanki ya koma lodi, Baba ya sake kafa rumfarsa. Kafin nan ba zan iya ba su wuri ba."

"Ciyaman, da kunnenka ka ji muryar nan tana zagin tumbinka. Ranar ka zo neman haƙuri?"

Ya yi murmushi, ya shafa tumbin.

"Na sani. Kowa ya sani. Amma matar Dogo muryarki ta ji, 'ya'yansa muryarki suka ji. Ba za ki ce su je su rama a kan waya ba. Murya ce ta yi laifi, murya za ta ba da haƙuri."

"To ku nemi mai laifin. Ni ban zagi Dogo ba. In na ce a yafe mini, na zage shi ke nan."

Bayan ya tafi Yaya ya tasar mini. Bas ɗinsa na ajiye a ƙofar gida, ƙura ta fara hawa gilashi, mai motar yana ta kira.

"Ke wace irin mutum ce? Kalma nawa ce? Ki dubi hannun Baba."

"Na duba. Ni na karya?"

"Girman kanki ne ya karya. Da kin durƙusa tun farko da an wuce wurin. Digiri za mu ci?"

"Abokanka ne, Yaya. Ka je ka tambaye su haƙorina."

Ya ɗaga hannu. Na matso na miƙa masa ɓangaren da bai kumbura ba.

"Ga nan, sun rage maka."

Ya sauke hannun, ya shuri bokiti ya fice. Baba ya dube ni, ya dubi ƙasa. Wannan shirun ya fi mini dukan ciwo, amma ban sauya ba.

Wata safiya na ji gidanmu ya cika da sallama. Matan maƙwabta, waɗanda suka daina gaishe da Umma, suna shigowa da fara'a. Wata ta kama hannuna.

"Allah ya yi miki albarka, Rediyo. Wallahi sai da na yi hawaye. Ashe kina da taushin zuciya haka."

Na karɓi wayarta na kunna. Muryata ce, garau, babu fito. Tana cewa sharrin shaiɗan ne da ruɗin boko, ta tuba, tana roƙon iyayenta direbobi da iyalan marigayi su dube ta da idon rahama. Sai ta fashe da kuka. Shessheƙa, jan hanci, murya na rawa. Kukan man zafi ne. Na san daidai inda Injiniya ya ɗaga mini yatsa.

Na tarar da Yaya a waje yana wanke bas, yana waƙa ƙasa-ƙasa.

"Kai ne."

Bai musa ba. Ya matse tsumma.

"Na hutar da ke. Ba ki faɗa ba, an kuma yafe. Kowa ya samu abin da yake so."

"Sun fasa mini baki ban yi musu kuka ba. Kai ka zauna da yatsa ɗaya ka sa ni na yi."

"Ba ke ba ce ai. Ba haka kike ta faɗa ba? Waya ce."

Na koma ciki na ɗaura ɗankwali. Umma ta tare ƙofa tana cewa in rufa musu asiri, na zagaye ta. Na san abin da zan iya jawo wa Baba da Yaya, na kuma tafi.

Tasha na cike, ana lodi. A inda rumfar Baba take har an kafa sabbin sanduna, direbobin da suka ƙona ta ne suke taya shi ɗaura kwano, shi yana nuna musu da hannu ɗaya. Da suka gan ni wasu suka fara tafi. Na wuce su zuwa wurin Mai Sarƙa, yana kiran fasinja da lasifikar hannu. Ya washe baki.

"A'a, ƙanwata. Komai ya wuce."

Na fizge lasifikar na hau kan benci.

"Ku saurara. Ni ce 'yar mai faci. Ban zagi Dogo ba, Allah ya ji ƙansa. Kuma ban ba ku haƙuri ba. Saƙon farko ba ni ba ce, na biyun ma ba ni ba ce. Kukan da kuka ji man zafi ne. Ku kuka karya hannun ubana, ku kuka cire mini haƙori, kuna sane. Ku ne za ku ba ni haƙuri."

Lasifikar ta ƙara wa fiton ƙarfi, kowace "s" ta fita kamar usur. Sai wani ya kwaikwayi fiton, dariya ta ɓarke. Wani ya ɗaga waya ya kunna tuban, wani ma ya kunna, har kukana ya rufe maganata ta ko'ina.

"Wannan ce Rediyo," in ji wani direba yana nuna wayarsa. "Ke kuwa tayar da ta yi faci ce."

Mai Sarƙa bai yi dariya ba. Ya shure bencin, na faɗo a kan kafaɗa, lasifikar ta fashe. Ya zare bel ya fara zuba mini, kan ƙarfen yana tsaga mini baya. Na kama ƙafar bencin na miƙe. Ya sake kayar da ni, na sake miƙewa. Leɓena ya sake fashewa. Duk tashin da zan yi sai na ce, "Ban bayar ba." Ta gefen ido na hango Baba yana ƙoƙarin kutsowa, mutum biyu sun riƙe shi.

Ciyaman ne ya kama bel ɗin. Ya kori mutane da hannu, ya sunkuyo kusa da ni, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"'Yata, tafi gida. Wadda ta zage mu ta ba da haƙuri, mun yafe mata, an rufe magana. Ba zan sake buɗewa ba. Ke kuma ban san me kike nema ba."

"Wadda kuka daka fa?"

"Ita ba ta cikin waya," ya ce, ya miƙe ya tafi.

Haka aka yi. Ba wanda ya yaɗa abin da na faɗa, waɗanda suka ɗauka ma don fiton suka ɗauka, suka sa masa kiɗa. Ba a taɓa rumfar Baba ba, ba a hana Yaya lodi ba. Tuban ya ci gaba da yawo, har mutanen da ban sani ba suna tura wa 'ya'yansu don su koyi tawali'u. Yaya ya daina yi mini magana, idan na shigo ɗaki ya fita.

Da na warke na koma wurin aiki. Injiniya ya sa ni a gaban makirufo, na karanta jimla ɗaya, ya cire abin kunnensa.

"Malama, wannan muryar ba za ta haɗu da waccan ta cikin manhajar ba. Ki je a sa miki haƙori, kamfani zai ɗauki nauyi. In ya zauna daidai sai mu gwada."

"Ku cire muryata daga manhajar."

"Ba a hannuna yake ba. Kuma ko an cire, tana cikin wayoyin mutane."

"To ku riƙe ta. Haƙorin ma ba na so."

Ya ɗauka fushi ne zai wuce. Bai wuce ba. Gurbin yana nan, ina dariya da shi a gaban kowa, ba na sa hannu in rufe. Yanzu ina koyarwa a wata makarantar yara, suna kwaikwayon fitona a bayan aji, ina jin su. Duk abin da ya fito da wannan iskar, ni na faɗe shi, kuma zan tsaya a kansa.

Hannun Baba ya ɗore a karkace, amma yana aiki. Na daɗe ban taka tashar ba, sai ranar da Umma ba ta da lafiya na kai masa abinci. Mai Sarƙa ya gan ni ya juya baya. Na ajiye kwanon a sabon benci. Baba ya goge hannu, ya buɗe gwangwanin da yake ajiye faci yana neman wani abu, sai na hango haƙorina a ciki, a wanke, a tsakanin 'yan robobin. Ya ga na gani, ya rufe.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya ciro ya miƙo mini.

"Duba mini, wani mai babbar mota ne. Me yake cewa?"

"Baba, ai danna nan kawai za ka yi, ta karanta maka."

"Na sa an cire mini ita," ya ce, ya jawo kwanon gabansa. "Yarinyar nan kowa ya ce ta faɗa sai ta faɗa. Ban san 'yar waye ba ce. Karanta mini ke."

Na zauna a kan taya na karanta masa. Saƙon cike yake da "s". Ya saurara har ƙarshe yana tauna, sannan ya ce in sake daga farko, bai ji wurin lambar tayar ba.